Za ka fita waje da magenka? Ga yadda ake haɗa mata takardun lafiya

Maganar farko tukuna, in dai Turai ko Ingila za ka da mage daga Najeriya to ba aikin sati biyu ba ne, aikin wata huɗu ne mafi ƙaranci, shi ma sai in komai ya tafi daidai ba a samu tangarɗa ko ɗaya ba. Abin da mutane suke yi shi ne sai biza ta fito, an yanki tikiti, an fara sallama da dangi, sannan a tuna da magen da yara suka shaƙu da ita, a ɗauko ta a kwali a ruga asibitin dabbobi wai a ba ta takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan harkar ta lissafin kwanaki ce, kuma kwanakin nan ba a sayensu da kuɗi, ba a rage su da sanayya, babu wani oga da zai buga waya a ce a taimaka. Ma'aikacin da zai duba ku a Faris ko Frankfurt kwanan wata kawai yake kallo da lamba, in sun yi daidai ku wuce, in ba su yi ba shikenan an shiga rigima.

Dalilin duk wannan tsananin abu ɗaya ne, ciwon haukan kare. Mu nan mun saba jin labarin mahaukacin kare ya ciji yaro a unguwa, su kuma ƙasashen yammacin Turai sun daɗe da kawar da shi daga karnukansu kuma ba sa so ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Mage ma tana ɗaukarsa, kar sunan ya ruɗe ka. Shi ya sa Tarayyar Turai ta raba ƙasashen duniya gida biyu, akwai waɗanda ta sa a jerin da ta yarda da su, akwai sauran, mu muna cikin sauran, haka Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, don haka duk abin da zan faɗa game da Turai ya shafi wanda zai tashi daga Yamai ko Akara kamar yadda ya shafi na Kano, ofishin da zai buga hatimi ne kawai ya bambanta.

To mu fara. Abu na farko maikurocif. Wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa da likita yake cusawa ƙarƙashin fata wajen wuya ko tsakanin kafaɗu da allura mai ɗan kauri, minti ɗaya an gama, ba a ma sa ta barci. Ba ta nuna inda mage take in ta ɓata, ba GPS ba ce kamar yadda wasu suke zato, lamba ce kawai a ciki mai adadi 15 da ake karantawa da sikana. Ka tambayi likita ko irin wadda ta dace da ma'aunin ISO 11784 da 11785 ce, don ita ce sikanar filayen jirgin Turai take karantawa. Ka sa ya karanta ta a gabanka tun tana cikin leda kafin ya saka, ya sake karantawa bayan ya saka, ka ɗauki hoton lambar a waya. Wannan lambar ita ce sunan magenka a wajen hukuma, ba Lulu ba, ba Mimi ba, duk takardar da za a rubuta daga yau sai lambar nan ta hau kai.

Sai allurar haukan kare, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, don haka a kula da kyau. Dole maikurocif ya riga allura shiga jiki, ko a yi su rana ɗaya amma a fara saka shi a karanta sannan a yi allurar. Idan magenka tana da katin allura tun bara amma sai yau aka saka mata maikurocif, to a wajen Turawa wancan katin kamar babu shi ne, don babu abin da ya tabbatar cewa wannan magen ce aka yi wa, sai an sake allura daga farko. Sannan ba a yi wa 'yar mage da ba ta cika sati 12 da haihuwa ba, in aka yi ƙasa da haka ba za su lissafa ba. Irin ruwan allurar ma akwai magana, Turai ba ta karɓar wadda aka haɗa da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, wadda aka kashe ƙwayar take so, irin su Nobivac Rabies ko Rabisin ko Defensor. Saboda haka allurar gangami ta kyauta da ake yi lokacin ranar yaƙi da ciwon ta duniya, 28 ga Satumba, tana da kyau don kare gida da unguwa, amma don tafiya kar ka dogara da ita sai ka ga kwalbar da idonka kuma an rubuta maka komai. A katin dole a ga sunan allurar, kamfanin da ya yi ta, lambar da ke jikin kwalba, ranar da aka yi, ranar da za ta daina aiki, sa hannun likita da hatiminsa. Yawancin kwalaben suna da 'yar sitika da ake ɓarewa a manna a kati, ka tabbata an manna.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne firij. Allurar nan sai an ajiye ta cikin sanyi, kuma kowa ya san halin wutarmu. Kwalbar da ta kwana biyu a firij ɗin da ba wuta a zafin watan Afrilu tana nan da sitikarta da komai amma ƙarfinta ya tafi, za a yi wa mage, ka jira wata guda, ka biya kuɗin gwajin jini mai tsada, sakamako ya dawo ba ta kai ba. Don haka kar ka ji kunyar tambayar asibitin yadda suke ajiye allura, suna da sola ko janareta. Ni a ganina gara asibitin koyarwa na dabbobi irin na ABU Zariya ko na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na jami'ar Maiduguri, ko kuma asibiti mai zaman kansa da ya saba fitar da dabbobi waje, irinsu sun fi yawa a Abuja da Legas. Kuma likitan ya zama mai rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, ba mai shagon sayar da maganin kaji ba, komai ƙwarewarsa wajen allura sa hannunsa ba ya aiki a takardar fita.

Bayan allura sai a ƙirga kwana 30 cif, ranar allurar ba ta cikin lissafi, sannan a ɗebi jini. Ba 28 ba, ba 29 ba. Ni nakan ce a ƙara kwana biyu ko uku a kai don a huta da gardama. Wannan gwajin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, ana duba ko jikinta ya samar da garkuwa bayan allurar, kuma abin da ake nema shi ne sakamako ya kai 0.5 IU, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar, a kowace mililita ko ya haura. Sunan gwajin da za ka fi ji a bakin likitoci FAVN. Ba kowane ɗakin gwaji ba ne ake karɓar sakamakonsa, sai wanda Tarayyar Turai ta amince da shi, kuma jerin sunayensu yana shafin hukumar Tarayyar a intanet, ka duba da kanka kafin a tura. Likitocinmu yawanci waje suke aikawa, akwai na Onderstepoort kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu, akwai na Weybridge a Ingila, akwai na Nancy a Faransa, akwai na jami'ar jihar Kansas a Amurka. Likita zai tace jinin ya ware ruwan sama, ya sa a ƙanƙara, a ba kamfanin aike, da fom ɗin da ke ɗauke da lambar maikurocif da ranar da aka ɗebi jinin. Ka karanta fom ɗin nan kafin a liƙe ambulan, lamba ɗaya in ta sauya, a ce an rubuta 7 a wurin 1, ɗakin gwajin abin da aka ba su za su buga, kuma gyara bayan sakamako ya fito ciwon kai ne babba, wani lokacin sai an sake ɗibar jini.

Daga nan sai jira na wata uku. Ga inda mutane suke samun ɗan sauƙi in sun gane: wata ukun daga ranar da aka ɗebi jini ake fara ƙirga shi, ba daga ranar da sakamako ya dawo ba. Wato makonnin da za ka yi kana jiran imel daga ɗakin gwaji suna cikin lissafin. Bari in buga misali. An saka maikurocif an yi allura ranar 1 ga Maris, an ɗebi jini 3 ga Afrilu, sakamako ya zo a watan Mayu ya yi kyau, to mage ba za ta taka Turai ba sai daga 3 ga Yuli zuwa sama. Wanda zai tafi karatu a watan Satumba kenan in ya wuce ƙarshen Afrilu bai fara ba ya riga ya makara, kuma tunda akwai yiwuwar gwajin ya faɗi a sake allura a sake jiran kwana 30 a sake jiran wata uku, gaskiya wata shida ko bakwai kafin tafiya ya kamata a fara, tun kana neman gurbin karatu ko aikin, tun ba ka san ko bizar za ta fito ba. In ba ta fito ba ai ba ka yi asara ba, sakamakon gwajin ba ya lalacewa muddin ana maimaita allurar a kan lokaci. Amma fa in ka bari allurar ta ƙare ko da kwana ɗaya ne kafin a sake, komai ya rushe, sabuwar allura, sabon jini, sabon wata uku. Ka sa ƙararrawa a waya sati biyu kafin ranar.

In ka haɗa lissafin za ka ga 'yar jaririyar mage ba ta tafiya: sati 12, da kwana 30, da wata uku, kusan wata bakwai kenan da haihuwa. Duk wanda ya ce zai fitar maka da 'yar wata uku zuwa Jamus daga nan da takardu masu kyau, ƙarya zai rubuta.

Cikin wata ukun nan ba zama za ka yi ba, lokacin neman jirgi ne da keji. Sauran alluran mage, irin ta mura da ta gudawa da ake haɗawa uku a ɗaya, dokar Turai ba ta wajabta su ba amma a yi, wasu ƙasashen da wasu kamfanonin jirgi suna tambaya, kuma don lafiyarta ne. A ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska a rubuta a kati. Gargaɗi ɗaya a nan, kar a kuskura a shafa wa mage maganin kaskar kare, da yawansu suna da sinadarin permethrin wanda yake kashe mage. Haka farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya aika ta lahira, na faɗa ne don akwai masu cewa bari a ɗan ba ta saboda zafin allura.

Maganar jirgi kuma kowane kamfani da dokarsa, kuma kar ka yanki tikiti sai ka kira su sun tabbatar maka akwai gurbin dabba a wannan jirgin na wannan ranar, don adadin da suke ɗauka a kowane tashi kaɗan ne. Irin su Lufthansa da Air France da KLM da Turkish suna barin mage ta shiga ciki tare da kai a 'yar jaka mai raga da za ta shige ƙarƙashin kujera, in nauyinta haɗe da jakar bai wuce kilo 8 ba. Emirates da Qatar ba sa barin mage a wajen fasinja. Idan tikitinka na haɗin gwiwa ne, ka saya a wajen wannan kamfani amma jirgin wancan ne zai ɗauke ka, dokar mai jirgin ce take aiki, ka tambaye su su ma. Masu magen Farisa, waɗannan masu gashi da ɗan murtsukakken hanci da ake yayi yanzu a Kano da Abuja, ku kula, kamfanoni da yawa ba sa yarda a sa su a ɗakin kaya na ƙasan jirgi saboda numfashi yana yi musu wuya, sai dai a ciki tare da kai. In kuma ƙasa za ta shiga, kejin sai ya cika ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya: na roba mai tauri, ƙofar ƙarfe, an ɗaure sama da ƙasa da noti ba 'yan maƙalai kawai ba, da ramukan iska, da girman da za ta iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta, da kwanon ruwa a maƙale jikin ƙofa. Ka sayo shi da wuri ka ajiye a falo a buɗe, ka riƙa zuba mata abinci a ciki har ta mai da shi ɗakinta, magen da aka tura keji karon farko ranar tafiya kuka za ta yi tun daga gida har a sauka. Maganin barci kuma a'a, likitoci da kamfanonin jirgi duk sun hana, yana saukar da bugun jini a sama kuma wasu in suka ga dabba tana layi ba za su ɗauka ba.

Yanzu sai takarda ta ƙarshe, satifiket ɗin lafiya, wadda ita kuma akasin sauran ce, ba a yinta da wuri. Kwana 10 kacal take da shi daga ranar da likitan gwamnati ya sa hannu zuwa ranar da za a duba ku a filin jirgin da kuka fara shiga Turai. Fom ne na musamman na Tarayyar Turai, ba wasiƙar da likita zai rubuta a takardar asibitinsa cewa mage lafiyarta ƙalau ba, ana sauke shi daga intanet, ana so ya kasance da Turanci da kuma harshen ƙasar da za ka fara sauka, a cike da manyan baƙaƙe. Likitanka zai iya dubawa ya cike, amma sai likitan gwamnati mai izini ya tabbatar ya buga hatimi. A Najeriya ɓangaren likitocin dabbobi na gwamnatin tarayya da hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, su ne masu wannan hurumin da kuma izinin fitar da dabba, kuma NAQS tana da jami'ai a manyan filayen jirgi, Legas, Abuja, Fatakwal da na Malam Aminu Kano. A 2024 an ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya daban, don haka ka je da ƙafarka tun saura wata guda ka tambayi wane ofis ne yake sa hannu yanzu, me suke so ka kawo, kwana nawa suke ɗauka, ka biya ta hanyar hukuma ka karɓi rasit. Kar ka bari sai saura kwana uku, ranar Juma'a ta zo, oga ya tafi taro, ga Asabar da Lahadi, ga hutun Sallah a gaba. Ka zaɓi ranar tashi a tsakiyar mako ko ƙarshensa, a sa hannu Litinin ko Talata, ka samu sarari in an yi kuskure a gyara, kuma in jirgi ya ɗaga da kwana ɗaya ko biyu takardar ba ta mutu ba.

Tare da satifiket ɗin akwai wata 'yar takardar rantsuwa da kai za ka sa wa hannu cewa magen taka ce ba sayarwa za ka yi ba. Kuma dole tafiyarta ta kasance tare da taka, ko aƙalla cikin kwana biyar kafin ko bayan taka, sannan kar dabbobin su wuce biyar. In ka tafi ka bar ta sai bayan wata biyu ƙaninka ya turo, ta koma layin kasuwanci, wata takarda daban, wani kuɗi daban. In wani ne zai riƙe maka ita a jirgi sai ka rubuta masa izini.

Kafin ka bar ofishin likitan gwamnati, zauna a benci ka jera takardun a cinya: katin allura, sakamakon jini na asali, satifiket, izinin fita. Bi lambar maikurocif ɗaya bayan ɗaya a kowace takarda. Duba ranar saka maikurocif ba ta zo bayan ranar allura ba. Duba sunanka ya yi daidai da na fasfo, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu uku daban wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duba yadda aka rubuta kwanan wata, rana kafin wata, kar wani ya juya shi irin na Amurka. Kar a goge kuskure da farin ruwa, a ja layi likita ya sa hannu da hatimi a gefe, ko ma a sake sabon shafi. Ka yi fotokwafi biyu, ka ɗauki hoton komai a waya, na asalin kuma a jakar hannunka, in magen a ƙasan jirgi za ta shiga a liƙa kwafi a saman kejin cikin leda.

Ranar tafiya a ba ta abinci kaɗan awa huɗu zuwa shida kafin tashi, ruwa kuma kar a hana ta, a shimfiɗa abin tsotse fitsari a ƙasan jaka. Ka isa filin jirgi da wuri sosai don sai ka fara bi ta wajen jami'an NAQS. Wajen bincike za a ce ka fito da ita a wuce da jakar ta na'ura, to a sa mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, ko ka roƙi a kai ku ɗaki a rufe ƙofa, mage in ta firgita ta kuɓuce a filin jirgi kamo ta sai an sha wuya. Da kun sauka kar ka bi ƙofar waɗanda ba su da abin bayyanawa, ka nemi kwastan ka ce da dabba kake, su karanta maikurocif su buga hatimi. Ba kowane filin jirgi ba ne aka ware don shigo da dabbobi, manyan dai irin Frankfurt da Faris da Amsterdam suna ciki, kuma yawanci inda ka fara sauka a Tarayyar nan ake dubawa ko da za ka canza jirgi. Bayan hatimin nan takardar tana aiki na wasu watanni don yawo tsakanin ƙasashen Tarayyar, sai dai in allurar ta riga ƙarewa. In kuwa takardu ba su cika ba zaɓi uku ne a hannunsu, a maido ta inda ta fito, ko a killace ta har ta cika sharaɗi kai kana biya, ko in duk sun gagara a kashe ta.

Ingila tunda ta fice daga Tarayyar tana da nata fom ɗin daban, amma lissafin ɗaya ne, maikurocif, allura, kwana 30, jini, wata uku, satifiket na kwana 10. Bambancin da yake cin kuɗi shi ne ba a shiga Ingila da mage a wajen fasinja, sai dai a matsayin kargo, ta kamfanin jirgi da hanyar da suka amince da su, a Heathrow akwai cibiya ta musamman da ake karɓar dabbobi a duba su kafin a miƙa maka, kuma kusan dole ka ɗauki ejan da zai yi maka kiliyarin. In aka samu matsala killacewar tana iya kai wata huɗu. Shi ya sa wasu suke sauka Faris da mage a hannu sannan su tsallaka da mota ta jirgin ƙasan da ke ɗaukar motoci ta ƙarƙashin teku daga Calais, amma wannan sai mai bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da yawancin ƙasashen Tarayyar, kuma takardu biyu zai haɗa, na Tarayyar da na Ingila. Jirgin ƙasan fasinja na Eurostar da ke zuwa Ingila ba ya ɗaukar dabba sai mai taimaka wa masu naƙasa, irin karen jagoran makafi.

Masu kare, duk abin da na lissafa ya hau kanku, da ƙarin maganin tsutsar ciki mai praziquantel da likita zai bayar ya rubuta rana da awa, tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga Ingila, Ireland, Finland, Malta ko Norway. Mage ba ta buƙatar wannan. Amurka kuma abin a juye yake, mage tana da sauƙi, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ba ta wajabta mata shaidar allurar haukan kare ba, dubawa kawai ake yi a ga lafiyarta, duk da haka ka riƙe katin don kamfanin jirgi da jihar da za ka suna iya nema, Hawaii ma killacewa take yi. Kare ne ya sha doka tun 1 ga Agusta 2024: sai ya cika wata shida, da maikurocif, da fom ɗin CDC da ake cikewa a intanet, kuma tunda Najeriya tana jerin ƙasashe masu haɗari sai da takardar allura da likitan gwamnati ya tabbatar, da ajiye gurbi a cibiyar kula da dabbobi da CDC ta yi wa rajista, a sauka a filin jirgin da cibiyar take, in babu sakamakon jini daga ɗakin gwajin da suka yarda da shi a killace shi kwana 28. Daular Larabawa sai ka nemi izinin shigowa daga ma'aikatarsu ta muhalli tun kafin tashi kuma yawanci a kargo dabbar take shiga, Saudiyya ma sai da izini, kuma kare ba sa bari sai na gadi ko farauta ko jagoran makaho. Ostireliya kam ba ta karɓa kai tsaye daga nan, sai dabbar ta yi watanni a wata ƙasar da suka amince da ita.

Wanda yake da aku kuma yana tunanin haka zai bi, ya tsaya tukuna. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya da muke ajiyewa a gida an mai da shi rukuni na ɗaya, mafi tsanani, a CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, a taron Johannesburg na 2016, wato sai da izinin fitarwa daga nan da izinin shigarwa daga can, da hujjar inda ka samo shi, wanda akun da aka saya a bakin kasuwa ba shi da ita, ga kuma dokokin murar tsuntsaye a kai. In aka kama shi ba takarda ƙwacewa ake yi, wani wurin har da tara.

Da kun zauna a can, in a cikin Tarayyar Turai ne ka kai ta wajen likitan unguwa ya buɗe mata fasfon dabbobi, ya shigar da allurar da sakamakon jinin a ciki, ka yi rajistar maikurocif ɗin da sabon adireshinka. Amfaninsa shi ne in ka zo gida hutu da ita za ka koma ba tare da sake jiran wata uku ba, muddin an rubuta sakamakon a fasfon kafin ku fito kuma allura ba ta yanke ba. Shigowa Najeriya ma sai ka nemi izinin shigo da dabba tun kana can, don jami'an NAQS za su tambaya a filin jirgi.